A Sauke Ƙafa

Ni matsoraci ne tun ina yaro, kuma duk Dutsen Kura an san haka. In yaran unguwarmu suka hau bishiyar mangwaro, ni ne mai tsayawa a ƙasa ina tsincewa. In suka tsallake kwalbati, ni sai in zagaya. Ga ni da jiki, har ƙannena kan kira ni buhun doya idan sun tabbatar sun yi nisan da ba zan kamo su ba. Saboda haka ranar da kawuna ya sauke mini wani ƙaramin keke daga bayan motarsa ta kaya, mahaifiyata dariya ta yi, ta ce, “Wannan kam sai dai keken ya hau shi.”

Keken gwanjo ne, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Turai a farkon shekarun dubu biyu. Tayoyinsa ƙanana ne masu kauri, sirdinsa a ƙasa, kansa dogo da sanda a tsakiya. An rubuta BMX a jikinsa, mu kuwa biyemes muke cewa. Mahaifina ɗan kasuwa ne, jikan waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Minna, komai da amfaninsa yake auna shi. Ya zagaya keken, ya ga ba kariyar ɗaura kaya, ya ce shi bai ga ranar keken da ba zai kai masara niƙa ba. Amma bai hana ni ba, kuma na gode masa da wannan.

A bayan unguwarmu akwai wani fili da aka daɗe ba a gina ba, jar ƙasa ce daɓaɓɓiya, duwatsu sun kewaye shi ta gabas. Nan masu irin kekena suke taruwa bayan la'asar. Ba mu da yawa, kuma kowa da inda ya fito: Hausawa, Nufawa, Gwarawa, da wani ɗan Ibo daga Sabon Gari wanda babansa ke sayar da kayan keke. Shi wannan ɗan Sabon Garin bakinsa ba ya hutawa, shi ne gidan rediyonmu. Don a lokacin labarin biyemes ba shi da wata hanyar zuwa mana, ba a rediyo ba a talabijin. Abin da muke da shi jita-jita ce kawai. Wai akwai wani a Kaduna da ke sauka matakalar bene a kan keke. Wai a Legas wani ya cire birki gaba ɗaya, da silifas yake tsayawa. Mukan zauna a kan duwatsu mu yi ta gardama a kan mutanen da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu.

Babbanmu wani Banufe ne ɗan Bida, yana koyon walda a wani shago a bakin titi. Ya girme mu sosai, dukanmu Yaya muke ce masa. Hausarsa ta Minna ce zalla, kowa da komai namiji ne a bakinsa, ƙafa kafa ce, ƙarfe kuma karfe. Ba shi da yawan magana, ba shi da yawan dariya, hannuwansa duk tabon ƙunar walda. Ranar da na fara zuwa filin, sauran suka kwashe da dariya, wani ya ce a tausaya wa tayar baya. Yaya ya karɓi kekena, ya matsa birki, ya juya feda, ya miƙo mini, ya ce, “Keken ba shi da laifi. Kai ma ba ka da laifi. Shiga.”

Abin da ya haɗa mu a filin nan hoto ne guda. Ɗan Sabon Gari ne ya tsince shi, shafin wata mujalla da aka dunƙule aka cusa a kwalin kayan keke don kada su gogi juna. A jikinsa akwai wani Bature a kan biyemes, keken a miƙe tsaye, tayar gaba tana kallon sama, ƙafafunsa a kan feda, hannunsa ɗaya a kan keken, ɗayan ya ɗaga shi kamar mai gaida jama'a. Bayansa sararin sama ne kawai. Rubutun da ke gefe ba Turanci ba ne, mun kai wa duk wanda muka sani ya yi boko, ba wanda ya iya karantawa. Sannan shafin ya yage daidai ƙarƙashin tayar baya. Yaya ya goge shi da dutsen guga, ya sa shi a leda, yana ajiye shi a aljihun gaba.

Ba wanda ya taɓa tambayar me ke ƙarƙashin tayar nan. Me zai kasance in ba ƙasa ba? Mun ga mutum a tsaye cak a hoto, muka ce ashe haka gwanaye suke yi: su ɗaga keke a kan taya ɗaya su tsaya. Muka sa wa abin suna tsayuwa, muka duƙufa.

Allah kaɗai ya san faɗuwar da muka sha. Yaya ne ya gano bakin zaren, bayan damina guda yana zubewa da baya kamar an sare ayaba. Ya gano sai an ɗaure birkin baya tamau, an rage wa tayar iska kaɗan, sannan mutum ya mayar da nauyinsa baya, ya riƙa ɗan motsa ƙugu yadda ido ba zai gani ba. Ya gano kuma cewa wanda ya kalli tayarsa ya faɗi, sai dai ka zaɓi abu guda a nesa ka kafa masa ido. Shi dutsen gabas yake kallo. Ranar da ya fara sakin hannu ɗaya ya ɗaga sama, daidai da na hoton, ihun da muka yi sai da matan makwabta suka leƙo ta katanga.

Daga nan ne al'adarmu ta samo asali. Mai tsayuwa ba ya son motsi a gabansa, ko kaza ce ta gitta sai ta kayar da shi. Don haka Yaya ya kafa doka: duk wanda zai yi tsayuwa, sai a yi kira, “A sauke ƙafa!” Kowa a inda yake zai taka birki, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya yi shiru. Ba tari, ba tsokana, ba wanda zai motsa sai mai tsayuwa ya sauko, ko gwani ne ko ɗan koyo. Ba mu da agogo, amma akwai wani dattijo mai rake da ke kafa baronsa a bakin filin. Da an yi kira sai ya ɗauki sanda ya fara ferewa. In ka sauko kafin ya gama gaɓa ɗaya, da sauranka. Yaya kan kai har dattijon ya fere sanda guda ya datsa ta.

To a nan ne abin mamaki ya faru, don ni buhun doya, ni ne na bi bayan Yaya. Tsayuwa ba ta son mai rawar kai. Masu zafin nama duk sun gaji da ita, ni kuwa da ma tsayawa wuri ɗaya ita ce sana'ata tun a gindin mangwaro. Nauyin da ake yi mini dariya a kansa shi ya riƙa danne mini tayar baya. Yaya kan tsaya a bayana, tafin hannunsa a tsakiyar gadon bayana, yana cewa, “Kar ka duba kasa. Kasa yana nan, ba zai gudu ba.” Wata rana na sauko na waiga, sai na gan shi can wajen mai rake yana tauna, ashe ya daɗe da janye hannun. A rayuwata ban taɓa iya wani abu a gaban mutane ba sai ranar. Ina son a fahimci wannan sosai: mutum goma sha wani abu su tsaya, su yi shiru, saboda ni. A gida ma ban taɓa samun haka ba.

Muka yi shekaru a haka, har wayar hannu ta fara shigowa gari, gidajen kallo suka yawaita. Ran nan sai ga ɗan Sabon Gari ya shigo filin a guje, ko birki bai taka ba, yana ɗaga wani faifan sidi. Wansa ne ya zo da shi daga Legas. “Oya, ku taso! Yau za mu ga ogan tsayuwa da idonmu!” Muka ɗunguma zuwa Sabon Gari, muka jingina kekuna a bakin wani gidan kallo, mai gidan ya tayar da janareta. Yaya ma, wanda a lokacin ya riga ya buɗe nasa shagon, ya rufe ya biyo mu, ya zauna a bencin gaba, hoton nan yana aljihunsa.

Faifan ya fara. Wani saurayi ya taho a guje, ya hau wani tudu na katako, ya tashi sama. A can sama ya miƙe keken tsaye, tayar gaba tana kallon sama, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga. Kafin ka ƙifta ido ya mayar da hannun ya dira ya wuce. Tsayuwarmu ce sak, ba abin da ya rage, sai dai babu ƙasa a ƙarƙashin tayar. Ashe mai hoton a iska yake, mai ɗaukar hoto ne ya kama shi. Abin da muka shekara muna koyon riƙewa, shi ko numfashi ɗaya bai yi a cikinsa ba.

Can wani yaro a baya ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama, har da masu buga benci. Ɗan Sabon Gari yana share hawaye yana cewa, “Chai! Mun yi aikin banza!” Ni ban yi dariya ba. Yaya ya ce wa mai gidan kallo, “Maida shi baya.” Aka mayar. Ya sake kallo, ya ce a sake. Sannan ya miƙe, ya fita, ya tura kekensa da hannu bai hau ba.

Washegari bai zo filin ba, jibi ma haka. Yaran kuwa kamar an kwance awaki. Suka aro shebur, suka tara jar ƙasa a tsakiyar fili, suka daɓe ta ta zama tudu, kowa ya koma tsalle. Ba zan yi musu ƙarya ba, wasunsu sun iya, ɗan Sabon Gari ma har ya fara sakin hannu a sama. Labarai suka canza, yanzu kowa maganar faifai yake, wane ya juya keke a iska, wane ya karya haƙarƙari. Ni na gwada tudun sau ɗaya. Na taho da gudu, ina isa gindinsa hannuna ya matse birki da kansa ba da shawarata ba, na kife a gefe. Aka yi dariya, na yi tare da su, amma na san ni da tudun nan har abada.

Sai na koma gefen fili ina tsayuwata ni kaɗai. Ranar farko na yi kira, “A sauke ƙafa!” Mutum biyu suka sauke, don sabo. Bayan mako guda ko waigowa ba a yi. Wani ma ya ce mini, “Malam mai hoto, a ɗauke ka ne?” Sunan ya bi ni. Dattijo mai rake ya daina ɗaukar wuƙa in na ɗaga taya, ya koma kallon masu tashi sama, kuma ban ga laifinsa ba. Haushin Yaya ne ya fi ci na. Shi ya koya mini abin, shi ya sa na ɗauka ni ma wani ne, sannan ya tafi ya bar ni da shi a hannu. Kekunan da tsalle ya tsaga kuwa wurinsa ake kai su, ya yi musu walda kawai.

Ƙarshen abin, wata ranar ina tsaye a kan taya ɗaya, na saki hannu, wani yaro ya yanko ta gabana zai je tudu, fedarsa ta kama tayata. Na zube, gwiwar hannuna ta daku, tayar baya ta lanƙwashe. Yaron ya ce, “Kai ma ka tsaya a hanya,” ya wuce. Na tashi na kaɗe jikina. A zuciyata na gama yanke shawara: in gyara keken in sayar, in koma shagon mahaifina da yamma, wanda da ma abin da yake so ke nan.

Na ja keken zuwa shagon Yaya. Na same shi a tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dubi tayar, ya dubi hannuna.

“Ka tashi sama ne?”

“A'a, Yaya. Tsoro nake ji.”

“To me ya kada ka?”

“Tsayuwa nake, wani ya bi ta gabana. Gyara mini za ka yi, sayarwa zan yi.”

Ya kwance tayar, ya ɗora ta a cinya yana juyawa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Har yanzu kana yin wannan abu? Ni na koya maka karya. Ba haka ake yi ba, ka gani da idonka.”

Raina ya ɓaci, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, “Ƙarya? Ni da na tsaya da ƙafafuna? Wancan na faifan ya zo ya tsaya mana mu gani! Ni shi kaɗai na iya, Yaya. Ba ni da wani.” Sai kuma na ji kunya, na juya ina kallon titi.

Ya ci gaba da ɗaure wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, “In ka yi kira, suna sauke kafa?”

Na ci gaba da kallon titi.

“Na tambaye ka.”

“Ba sa saukewa.”

Ya mayar da tayar, ya juya ta, ta tafi sumul. Ya rage mata iska kaɗan da farcensa, yadda muke yi. Ya ce, “Kar ka sayar yau. Gobe ka je fili.” Ya sauke gilashinsa ya koma kan ƙofarsa.

Na je, ba don na sa rai da komai ba. Ana ta tsalle, ƙura tana tashi, ni ina gefe a zaune a kan sirdi. Sai ga Yaya ya ɓullo ta wajen mai rake, da kayan aikinsa a jiki, baƙi ƙirin da su. Yana tura kekensa, tayoyin duka biyu ba iska, sarƙar ta yi tsatsa, da gani tun ranar gidan kallo ba a taɓa shi ba. Bai gaida kowa ba. Ya wuce kai tsaye zuwa hanyar da ake bi a hau tudu, ya gindaya keken a tsakiya, ya ɗora ƙafa ya zauna a kai, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Wani da ya taho a guje sai da ya ja birki har ya kusa kifewa.

Yaya ya buɗe murya, irin wadda ban san yana da ita ba. “A sauke kafa!”

Aka tsaya ana kallon juna. Wani ya fara cewa, “Haba Yaya, ai wannan abin...” Yaya ya dube shi kawai, maganar ta maƙale. Ɗan Sabon Gari ne ya fara. Yana can saman tudu, ya gangaro a hankali, ya tsaya, ya sa ƙafarsa a ƙasa, ya ce wa na kusa da shi, “Abeg, sauke.” Ɗaya bayan ɗaya suka sauke, har yaron da ya kayar da ni. Filin ya yi shiru, ƙurar ta kwanta. Na ji dattijo mai rake ya zaro sanda daga baro.

Yaya ko kallona bai yi ba, dutsen gabas yake kallo. Na shiga tsakiya. Na matse birki, na mayar da nauyi baya, tayar gaba ta tashi. Na kafa wa dutsen ido ni ma. Ba ita ce tsayuwata mafi kyau ba, gwiwar hannuna tana zogi, idona kuma ya cika da ruwa har dutsen ya zama biyu. Amma na saki hannun, na ɗaga shi, ina jin wuƙar dattijon tana bin rake, kuma ba wanda ya motsa. Da na sauko, Yaya ya ce, “To. Ku ci gaba da tashi.” Ya janye kekensa daga hanya, ya zauna a kan dutse har magariba.

Ban sayar da keken ba. Yaya bai sake yin tsayuwa ba, ko sau ɗaya, duk roƙon da na yi masa. Amma kusan kullum yakan rufe shago ya zo ya zauna, kuma muddin yana nan ko ba ya nan, in aka yi kira ana saukewa. Tsalle ya ci gaba, tsayuwa ta ci gaba, har wasu ƙanana suka zo wurina koyo, na riƙa sa musu tafin hannu a gadon baya. Na yi karatu, na yi aiki, na tsaya a gaban mutane da yawa daga baya ba tare da tsoro ba, kuma na san inda na samo wannan. Wani mai walda ne ya haɗiye kunyarsa, ya turo mataccen keke ya tare hanya saboda yaron da ba ɗan'uwansa ba. Na gode masa a fuskarsa ba sau ɗaya ba, kullum amsarsa ita ce in matsa kada tartsatsi ya same ni.

Filinmu an gine shi tuni. Wajen shekara goma bayan ranar da Yaya ya tare hanya, lokacin da kekuna masu ƙafa uku suka fara cika titunan Minna, aiki ya kai ni Maitumbi da yamma a kan babur. A wani fegi na hango yara da biyemes, sun tara tudunsu na jar ƙasa, wasu suna riƙe da waya suna ɗaukar masu tsalle. Waɗannan ba abin da ya ɓoye musu, duk abin da gwanayen duniya suka yi yana cikin aljihunsu. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Na ratsa ta gefen fegin a hankali ina kallo, sai na ji wata siririyar murya ta yi kira, kekuna duka suka tsaya cak. Wani ɗan lukuti ya shiga tsakiya ya ɗaga tayar gaba.

Ni kuwa mamaki ya sa na manta babur ɗina yana tafiya yana ƙara. Wani yaro da bai kai kafaɗata ba ya harare ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya dami mai tsayuwa.

“Baba, ba ka ga mutum yana tsaye ba?”

Na kashe babur ɗin, na sauke ƙafa.